Faranti Biyu, Baki Ɗaya

"Idan kuma aka kawo abu mai ido fa?" Tihomir ya tambaye ni, yana jan wuyan rigarsa kamar wanda za a shigar gaban alƙali.

"Sai ka rufe naka idon. Na gaya maka, Tiho, kai dai riƙe cokali mai yatsu ka riƙa motsa baki. Sauran aikin nawa ne."

"Perina, kala bakwai fa aka rubuta a takardar nan. Bakwai naki, bakwai nawa. Ciki ɗaya gare ki."

"Ni 'yar kuku ce. Ba ka san cikina ba tukuna."

Muna zaune a tebur na tara, a ɗakin cin abincin da ke can ƙololuwar jirgin ruwa, wanda namiji ba ya shiga sai da kwat. Da la'asar jirgin ya baro Split ya nufi Korčula, har yanzu rana ba ta faɗi ba, tana ta zuba wa teku ruwan zinare. Ban samu zuciyar kallo ba. Idona na kan ƙofar da ke ƙarshen ɗakin, domin bayanta mahaifina Duje yake, babban kukun jirgin nan shekara goma sha tara, yana jiran farantanmu su koma.

Baba ba ya karanta mutum a fuska. Ya ce fuska ta iya ƙarya, faranti bai iya ba. Al'adarsa ce ya tsaya inda ake sauke kwanuka, ya duba kowanne kafin a kai wurin wanki. Ranar da na gaya masa a waya cewa akwai wanda yake son aurena, bai tambayi sana'arsa ba, bai tambayi iyayensa ba. Cewa ya yi, "Kawo shi tebur na tara ranar Asabar. In na ga farantinsa, sai in san ko ina son ganin fuskarsa." Kuma ba wasa yake ba. Saurayin yayata Tonka na farko, wani lauya, ya taɓa ture kifin Baba gefe ya nemi a kawo masa miyar tumatir ta kwalba. Har yau Baba bai san kamanninsa ba.

Abin da ban gaya wa Baba ba shi ne, abu shida Tihomir yake ci a duniya: burodi, dafaffen dankali, dafaffen ƙwai, taliya da man shanu, ƙirjin kaza ba fata, sai tuffa in an fere. Ba ya cin kore, ba ya cin abin da ya fito daga ruwa, kuma in abinci biyu suka taɓa juna a faranti, to duka sun haramta. A Vinkovci aka haife shi, tsakiyar gonakin masara, sai da ya shekara ashirin ya ga teku. Gyaran fiyano yake yi. Ni kuwa son da nake yi masa irin wanda nake yi wa 'yan matan cikin littattafai dariya a kansa ne, mai hana mutum barci da hankali. Da an ce in cinye jirgin ma, da na nemi gishiri.

Teta Mande, wato Inna Mande a harshenmu, ita ce ta kawo kala na farko. Ita ce shugabar masu kai abinci, kuma aminiyar marigayiya mahaifiyata, ita ta riƙe ni a coci ranar suna. Ta ajiye farantan, ta dubi Tihomir daga gashi har takalmi.

"Wannan ne? Ai sirantarsa ta yi yawa. Ba sa ba ku abinci a can ƙasar masara?"

"Suna ba mu, Teta," in ji shi.

"Ji shi, har ya fara ce min Teta. Ci tukuna, ɗan nan, zumunci sai an jima."

Ɗanyen kifi ne, an yanka shi siri-siri har kana ganin zanen faranti ta cikinsa, da man zaitun da yankin lemun tsami. Tihomir ya dube shi kamar an ajiye masa gawa. Na cinye nawa cikin minti biyu. Da Teta Mande ta juya baya, na tura masa farantina na jawo nasa. Wata Bajamushiya a teburin kusa ta gani, ta zaro ido. Na yi mata murmushi na ci gaba. Shi kuwa ya jawo kwandon burodi gabansa, yana ci a hankali, kamar mai sauraron wani abu.

Kala na biyu kifin nan ne mai hannu takwas, an haɗa shi da dankali.

"Tiho, ga mutuminka," na raɗa masa. "Ko dankalin ka taimake ni."

"Sun taɓa juna."

"Dankali ne fa."

"Perina, hannun abin nan yana rungume da shi."

Na so in buga masa cokali a goshi, na kuma so in sumbace shi, sai na cinye duka biyun na tsotse lemun. Farantai suka koma fes. Na ji wani alfahari ya cika min ƙirji, har na fara hango kaina cikin farar riga a cocin unguwarmu.

Takarda ta ce miya ce ta uku. Amma da Teta Mande ta dawo, ba miya ba ce a hannunta. Kwanuka biyu ne masu zurfi, cike da baƙar shinkafa, wadda ake dafawa da tawadar sipa, wani kifin teku mai fesa baƙin ruwa, ga ta baƙa ƙirin tana ƙyalli. Na Tihomir ya kusa ninka nawa.

"Teta, wannan ai ba ya cikin takarda."

"Ba ya ciki. Kuku ya ce baƙon nan ya burge shi. Ya ce rabon da ya ga faranti ya dawo da tsabta haka tun kina makarantar firamare. Shi ya sa ya dafa masa da hannunsa." Ta gyara wa Tihomir adiko a cinya. "Ya ce ko ƙwara ɗaya kada ta dawo."

Da ina da wayo, da a nan na gane. Amma mai son abu makaho ne, ni kuwa ga so ga ƙoshi.

Na fara da nawa. Shinkafar Baba ce, ba a kushe ta, amma wajen rabin kwano na ji zif ɗin rigata yana neman saki. Tihomir yana kallona, fuskarsa duk ta canja.

"Bari in je in gaya masa gaskiya."

"Zauna."

"To bari in gwada. Cokali ɗaya."

Ya ɗebo. Ya kawo cokalin daf da hanci, ya lumshe ido, ya ce, "Tafarnuwa. Albasa an soya ta har ta yi zaƙi. Da wani ganye mai ɗaci-ɗaci. Da kuma teku, Perina, tekun gaba ɗaya." Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ga da gaske yake son ya haɗiye saboda ni, na ga kuma ba zai iya ba, sai hawaye suka ciko min. Na karɓe cokalin.

"Miƙo kwanon."

Ban san yadda na ƙarasa ba. Na dai tuna Bajamushiyar nan ta daina cin nata ta zuba min ido, har mijinta ya ɗaga min babban yatsa. Na share ƙasan kwanon da burodi, na mayar gaban Tihomir, na jingina da kujera ina numfashi da baki.

Sai ƙofar kicin ta buɗe.

Baba ba ya fitowa sai bayan kala na bakwai. Ga shi yau a na uku, da farar rigarsa da doguwar hula, yana ratsa teburori yana gaisa da baƙi, da ɗan ƙaramin faranti a hannu an rufe da adiko. Wata huɗu rabona da shi. Zuciyata ta yi tsalle za ta tarye shi, na buɗe baki zan kira shi, sai na hango kaina a bayan cokali.

Haƙorana, leɓena, harshena, duk baƙi wuluk.

Kowane yaro a gaɓar tekun nan ya san wannan. Ba a cin baƙar shinkafa a ɓoye. Ba a cin ta ranar ɗaukar hoto. Ni da na girma a kanta na manta. Na taka ƙafar Tihomir ta ƙarƙashin tebur, na ce ta gefen baki, "Kada ka yi murmushi. Kada ka buɗe baki."

Baba ya iso. Tihomir ya miƙe ya ba shi hannu, leɓe a ɗinke, yana ta sunkuyar da kai.

"Kai ne Tihomir. Sannu da aiki, ɗana, ka ci da kyau. Yaya ka ji shinkafar?"

Tihomir ya gyaɗa kai da ƙarfi.

"Kurma ka samo mana, Perina? Ba ki gaya min ba." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, 'yar Baba, wata huɗu ba ki ga ubanki ba, ko ɗan murmushi babu?"

Na danna adiko a baki na ce, "Sannu, Baba." Da na sauke shi, ga hoton leɓena a jiki, baƙi, kamar hatimin ofis. Teta Mande, wadda ta zo ta tsaya a bayansa, ta juya tana tari.

Baba ya ajiye ɗan farantin a tsakiyar tebur ya yaye adikon. Ɓawon lemun tsami ne guda huɗu, an tsotse su tas, kowanne a kife.

"Shekara talatin da biyar ina dafa wa mutane abinci," ya ce. "Mutum ɗaya na sani a duniya da ke tsotse lemun tsami har ɓawo, sannan ta kife shi a gefen faranti kamar kwale-kwale. Tun tana 'yar shekara uku. Yau sai ga tebur na tara ya aiko min da huɗu. Na ce wa Mande, ko dai Allah ya haɗa 'yata da mai irin halinta, ko kuma ana yi min wasa da hankali a cikin jirgina."

Na ji kamar in buɗe taga in faɗa ruwa, sai dai na san da nauyin cikin nan ko tasowa ba zan yi ba.

Tihomir ya buɗe baki. Haƙoransa fari fat, kamar maɓallan fiyanon da yake gyarawa.

"Barba Duje," ya ce, wato Kawu Duje, "laifina ne. Ban ci ko loma ɗaya ba. Ba raini ba ne, haka nake tun ina yaro, uwata ta yi kuka ta gaji. Abu shida nake ci. Perina ta yi ne don kada ka ƙi ganina."

"To me ka ci a teburina?"

"Burodi. Kwando uku."

"Burodi," in ji Baba, kamar an zage shi.

"E. Na farko da na uku hannu ɗaya ne. Akwai dafaffen dankali a cikin kwaɓin, ba mai yawa ba, irin jan nan mai gari, kuma da ruwan da aka dafa shi aka kwaɓa. Na biyun wani ne ya yi. Ya yi ƙoƙari, amma ya yi sauri, gishirin bai gama shiga ba."

Teta Mande ta daina tarinta.

Burodin mahaifiyata ne. Tun da ta rasu, Baba yake kwaɓa shi da kansa kowace safiya, ba ya barin kowa ya ga abin da yake zubawa. Sai in bai isa ba mataimakinsa ya ƙara nasa. Shekara da shekaru attajirai suna yaga shi su dangwali mai suna hira, ba wanda ya taɓa ɗaga kai. Na ga idon Baba ya yi ja. Ya cire hular ya riƙe, ya sake mayarwa.

"Kai ka gaya masa?" Ni yake nufi, amma ruɗewa ta sa ya ce min kai.

"Ni kaina ban sani ba, Baba."

Ya jawo kujera daga teburin Bajamushiyar, ba tare da ya tambaya ba, ya zauna yana kallon Tihomir kamar yadda yake kallon kifi a kasuwa.

"Abu shida, ka ce."

"Shida, Barba."

"Mutum da harshe irin wannan, a ce abu shida. Wannan ai kamar a ba ka fiyano ne ka riƙa danna wuri ɗaya." Ya girgiza kai. "Kullum ina ciyar da mutanen da in na soya musu takalmi za su ce da daɗi. Mande, kin ji abin da ya ce a kan gishirin?"

"Na ji. Ni ma na sha faɗa."

"Ke ba ki taɓa faɗa ba."

"Baba," na ce, "saura kala huɗu. Don Allah kada a kawo."

"Za a kawo naki. Wanda ya fara aiki ya ƙarasa." Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ɗaga murya yadda har teburin Jamusawa suka ji. "Kai kuma, ɗan masara, jirgin nan zai dawo Split ranar Lahadi ta sama. Ka zo gidana da ƙarfe ɗaya. Dankali zan dafa maka, dankali kawai, amma iri bakwai, ka gaya min abin da ke cikin kowanne. Kowace Lahadi haka za mu yi, har shidan nan ta zama bakwai. Ranar da ta zama, ku je ku ga limamin coci. Perina kuwa can ƙarshen tebur za ta zauna, inda hannunta ba zai kai farantinka ba."