Bushiyar da Zuhura Ta Binne

Tana 'yar shekara tara Zuhura ta tsinci bushiya a gindin rumbunsu a Kafin Soli, jikinta sanyi ƙalau, ko motsi babu. Ba a barin gawa ta wuni, sai ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta binne kafin azahar.

Yau Dakta Zuhura ta shekara ashirin tana auna zafin jikin dabbobi, tana nazarin yadda bushiya ke rage ɗuminta ta yi dogon barci idan abinci ya yi wuya. Duk lokacin da wata bushiya ta farka a tafin hannunta, ƙamshin ƙasar gindin rumbun nan take ji.

Ɗalibanta sun san dokarta idan jikin bushiya ya yi sanyi: "Kada wanda ya ce mini ta mutu. Ku jira ta."