Yaɓen Gidan Kallon Haladu

"Ba zan sauko ba, Baffa."

Furera tana kan tsani, ƙwaryar kwaɓaɓɓiyar ƙasa na rataye a gefenta. Datti, ƙanin mahaifinta, ya ɗaga kai yana kare rana da hannu.

"Ni kike gaya wa haka? Malamar makaranta guda, kin ɗare bango kamar ƙadangare, duk kasuwar Gwarzo ta zuba miki ido!"

Ta ɗebo ƙasa ta manna, ta shafe da tafin hannu.

Mahaifinta Haladu ne ya gina wurin. Shekarar da gyaɗa ta yi albarka ya raka buhuna Kano, ya shiga silima sau ɗaya, ya dawo ya sayar da shanun da ya gada. Ya tayar da katanga mai tsayi ba rufi, aka shafe bangon gabas da farar ƙasa don haska hoto, aka kafa allo bisa ƙofa: Gidan Kallon Haladu. Malaman unguwa suka ce sunansa Gidan Shagala. Manoman Kabo da Garo da Masanawa kuwa, da sun sauke kaya a sikeli, nan suke nufa. Shekara uku aka yi ana kallo, injin haska hoton ya lalace. Aka kai shi Kano gyara, Haladu ya rasu yana jiran dawowarsa. Tun daga nan ƙofar take kulle, shekara goma sha ɗaya, har yara suka fara cewa Kangon Haladu.

Amma ba kango ba ne tukuna. A al'adar garin, sai gini ya sha damina biyu a jere ba a yi masa yaɓe ba yake zama kango, sannan mai unguwa ya ba wanda zai raya shi. Inna, mahaifiyar Furera, ba ta taɓa bari haka ta faru ba. Kowace bazara sai ta kira magina. Bara ta rasu, damina ɗaya ta wuce. Alhaji Mijinyawa mai sayen gyaɗa yana son wurin ya yi sito, har an rubuta masa sabon allo an jingine a zaurensa. Datti kuma a sikelinsa yake aiki.

Furera ta zagaya magina huɗu. Kowanne ya gaishe ta da kyau, ya yi mata ta'aziyyar Inna, ya ce bayansa ke ciwo. Duk an yi musu alkawarin aikin siminti a siton Alhaji. Shi ya sa ta aro tsani.

Da farko ran Asabar take hawo motar gyaɗa daga Kabo, inda take koyarwa. Da hadari ya fara haɗowa ta ga Asabar ba za ta isa ba, sai ta bar ajinta ta tare a Gwarzo. Ita ke haƙo ƙasa, ita ke ɗebo ruwa, ita ke kwaɓawa da ƙafa. Tafin hannunta ya tsage, ta ɗaure da tsumma. Matan da suka yi ƙuruciya tare da ita sukan rage tafiya su ce sannu da aiki, su wuce da sauri.

Ranar da ta kai kusurwar ƙarshe, Gwaggo Yelwa, yayar mahaifinta, ta zo da fura daga Garo.

"Ke 'yar boko, sauko ki sha kafin ki faɗo a ce ni na yi miki baki. Duk wannan wahalar a kan me?"

"A kan sunan Baba, Gwaggo."

"To faɗi sunan in ji."

Furera ta sunkuyar da kai. 'Ya ba ta kama sunan uba.

"Kin gani? Sunan da ko a bakinki ba ya shiga." Tsohuwar ta yi dariya, ta dafa bangon, ta murza, ta shinshina yatsunta. Dariyar ta ɗauke. "Furera, ina makubar?"

"Wace makuba?"

"Innalillahi! Ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasa da shi don ta riƙe. Kwana nawa ƙasar ta yi tana tsima?"

"Ranar da na kwaɓa nake shafawa."

Gwaggo Yelwa ta zauna a kan dutse. "Duk garin nan suna kallo, ba wanda ya gaya miki?"

Babu wanda ya gaya mata, ita ma ba ta tambayi kowa ba.

Washegari da la'asar ruwan farko ya sauko daga gabas. Furera na tsaye a bakin ƙofa tana kallon aikin sati uku yana zubowa jajawur, yana bin kwata zuwa kasuwa. Da aka ɗauke, tsohon bango ya fito tsirara da tsagoginsa. Ta sake jingina tsani da safe, amma ƙasa ba ta kama jiƙaƙƙen bango, abin da ta manna a hannunta yake dawowa. Ta yi ta gwadawa har damina ta zauna sosai.

Da kaka mai unguwa ya zo da dattawa suka duba, suka ce ba su ga yaɓe ba. Ta ce ta yi, kowa shaida ne. Suka ce ba su musa ba, amma bango ake dubawa. Aka rushe bangon gabas don motoci su samu hanyar shiga, aka ɗora kwano, aka kafa allon Siton Mijinyawa.

Takardar sallama daga makaranta ta riga ta iso Kabo, saboda kwanakin da ta bar aji. Datti ya daina amsa gaisuwarta. Yatsunta biyu na dama ba su sake lanƙwasuwa daidai ba, alli ma da ƙyar take riƙewa. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, amma ƙin saukowarta ya ci aikinta, ya ci baffanta, ya ci hannunta, kuma gidan bai tsira ba.