Takwaran Alhaji Gwadabe

A watan da sojoji suka koma bariki, daraktanmu Alhaji Gwadabe ya ji ƙishin-ƙishin farar hula za su sallame shi. Kujerar ba ta dame shi ba, in ji shi. Abin da ke cin ransa shi ne zai bar ofis babu sunansa a jikin komai. Allah bai ba shi haihuwa ba. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Ni ke rubuta furogiram na rigakafin shanun Batagarawa a kwamfutarmu ɗaya tilo. Ya zo ya tsaya a kaina da carbinsa.

"Haulat, sa sunana a ciki."

"A ina, ranka ya daɗe?"

"Ko'ina."

To, manya sun ce ko'ina. A yaren kwamfuta na C++ ana gina abin da ake kira kilas, kamar gida yake, sai a zuba 'yan gida a ciki, kowa da sunansa. Na sa wa gidan Gwadabe. Ɗan gidan da ke riƙe da adadin shanu shi ma na sa mashi Gwadabe. Na danna. Kompaila, wadda ke tace rubutu kafin ya fara aiki, ta ce atafau: ɗan gida ba ya ɗaukar sunan gidan.

"In ji wa?" in ji Alhaji.

"Kwamfuta, ranka ya daɗe."

"Gaya mata ni ne darakta."

Na sake dannawa. Ko gezau.

"Ita ma ta zama farar hula ke nan," ya ce, ya samu benci ya zauna. Da farko haushinsa nake ji, ya hana ni aikina tun safe. Amma da na ga ya daina jan carbin, wallahi sai tausayinsa ya kama ni.

"Alhaji, a gidanku in an yi wa dattijo takwara, da sunan ake kiran yaron?"

"Haba! A gaban mai sunan? Sai dai a ce Abba."

Na goge Gwadaben ciki na rubuta Abba. Na danna. Ta wuce sumul, shanu suka jeru a allo.

Ya daɗe yana kallo. "Wato Abban nan, sunansa na yanka Gwadabe ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

Washegari muka tarar da goro da alewa a kan kowane tebur. Joshua akawu ya tambayi wa ya haihu. Alhaji ya ce takwara aka yi mashi, ko murmushi babu.

Sallamar ta zo, aka ɓamɓare sunansa daga ƙofa. Amma duk bayan Sallah sai ya tako har ofis, ya tsaya a bakin ƙofata, mu gaisa.

"Ya Abba?"

"Yana aiki, Alhaji."

"Allah ya raya shi."