Sinadarin da Yaya Ya Nema

A gidansu Dokta ake ce mata, duk da ba ta taɓa duba marar lafiya ba. A ɗakin bincike take aiki: ta raini ƙwayoyin halitta a faranti, ta sa musu ƙwayar korona, ta ga abin da zai faru. Yayanta yakan ce likitar faranti ce.

Ranar da aka kwantar da Baba a asibiti saboda korona, an gwada su duka, aka ce kada wanda ya fita. Ɗaki biyu ne da falo a saman bene, tagar kicin tana kallon bangon maƙwabta. Mama ta shige ɗaki da carbinta. Yaya kuwa direban babbar mota ne, bai saba zama wuri ɗaya ba, sai kai-kawo yake tsakanin ƙofa da taga.

Da aka bugo waya aka ce an ƙara wa Baba iskar oksijin, Yaya ya same ta a kicin tana wanke kofuna.

"Ba ke kika ce kun samo abin da ke hana korona hayayyafa ba?"

Ta faɗa kuwa, kwanakin baya ana cin abinci, don ta ga Baba ya yi murmushi.

"Yaya, kowace ƙwayar halitta tana da cibiya a tsakiyarta. Akwai wani furotin da aikinsa ya kwaso 'yan'uwansa daga cibiyar ya fito da su. Sinadarinmu shi yake tsayarwa, kuma da ya tsaya sai muka ga korona ta ragu. Amma a faranti."

"Faranti ko mutum, ba cutar ɗaya ba ce?"

"Jikin Baba ma da furotin ɗin yake aiki. In ka tsayar da shi ko'ina, hanta da jini za su ji a jikinsu. Ko ɓera ba mu ba wa ba."

"Ki sa abokin aikinki ya kawo, ya ajiye a bakin ƙofa. Na san wani nas a asibitin."

Ta ce a'a. Ya maimaita a falo, ya maimaita washegari tana shanya. Babu inda za ta je ta huta da maganar. Abin da ya fi yi mata nauyi shi ne da Mama ta fito ta riƙe mata hannu, ta ce a hankali, "Uwata, in da abin da za ki iya, ki yi."

Banɗaki ne kaɗai ke da sakata. Nan ta shiga, ta zauna a bakin baho, ta kira Dogo, abokin aikinta. Ita kanta ba ta san ko roƙonsa za ta yi ba. Bai bari ta fara ba.

"Dama zan neme ki. Ƙwayoyin huhun nan da muka sa wa sinadarin tun kafin mu sa musu cutar, sakamako ya fito. Cutar ƙaruwa ta yi."

"Ka sake gwadawa?"

"Na sake. Haka dai."

Ta kashe wayar. Da ta fito ta faɗa musu yadda ta ji. Mama ta gyaɗa kai ta koma ɗaki. Yaya ya dube ta sama da ƙasa.

"Yanzu kika shiga kika ƙirƙiro wannan?"

Ta miƙa masa wayar ya kira da kansa. Bai karɓa ba.

Baba ya rayu. An dawo da shi a rame, da tukunyar iska a gefen gado, kuma hawa benen ya gagare shi, sai da Yaya ya goyo shi. Duk lokacin da tari ya sarƙe shi, Yaya yakan juyo ya kalle ta. Da aka ba su izinin fita, ya ɗauki jakarsa ya yi wa kowa sallama, ita kuma ya ce wa Mama ta gaya mata maganin Baba na yamma yana kan firiji.