Kwanci a Motar Malam Garzali

Malam Garzali ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyas, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ko ƙyas ɗin ma ta hana shi. Shekaranjiya ya ɗauko batirin daga wurin caji a Bebeji, ga shi yau ana jiransa ɗaurin aure a Tudun Wada.

Tun faɗuwar damina motar take ajiye a ƙofar gida, lulluɓe da tamfol. Duk cajin da aka yi, kafin ya buƙace ta ya tsiyaye. Aka ce batiri ne, ya sayi sabo. Aka ce baki ne, ya karɓo rubutu ya yayyafa wa tayoyi, ko da yake ba a taɓa jin taya ta sha wuta ba. Daga ƙarshe zarginsa ya tsaya a kan Mudi, maƙwabcinsa, abokin cin tuwonsa tun suna samari, wanda ya sayi injin feshi mai caji. Maganar ta fita a majalisa, ta koma kunnen Mudi, ya daina fito da kwanonsa. Tun daga nan Garzali yake cin tuwo shi kaɗai, kullum yana cewa miya ba gishiri.

Mudi na tsallaken hanya yana goge babur. Garzali ya dubi sama ya ce wasu dai feshinsu bai taɓa tsayawa ba. Mudi ya ajiye tsumma ya tsallako, ya ce yau sai an nuna masa inda yake jona wayar. Ya kama tamfol ɗin, wanda Garzali bai saba ɗagawa ba sai ta gaba, ya yaye shi gaba ɗaya.

But ɗin motar a ɗage yake kaɗan, an tokare shi da totuwar masara. Da suka buɗe, ƙaramar fitilar ciki na ci abinta. A ƙarƙashinta kwando, a cikin kwandon wata jar kaza kwance kan ƙwan zabi, tana hararsu.

Sai ga Inna Dije, mahaifiyar Garzali, da tsaba a ƙoƙo. Ta ce su sauke mata murfin kada iska ta buge ƙwai. Zabuwa ba ta iya kwanci, shi ya sa ta ba kaza, muzuru kuma ya hana akurki sakat. Nan ko ga rufi, ga fitila mai ɗumi.

"Inna, kina ji ana ta maganar batiri."

"Batirinka a gaba yake, ni a baya nake. Ina ruwan wani da wani?"

Garzali ya cire ƙwan fitilar a hankali, kazar ta sakar masa baki a yatsa. Ya ce bari ya aro batiri ya kama hanya. Inna ta ce motar nan ko taku ɗaya ba za ta yi ba sai an ƙyanƙyashe.

Ya tsaya da babbar riga, yana tsotsar yatsa. Mudi ya koma ya tada babur, ya zo ya tsaya a gabansa.

"Hau. Amma dafe aljihunka, kada in zuƙe maka cajin waya."

Suka kama hanya har suka wuce garin Ƙofa. Can Garzali ya matso kusa da kunnensa, ya tambaye shi miyar me ake yi a gidansa yau.