Sittin Cikin Ɗari

Takardar asibitin ta kwana uku a aljihun Nwachukwu, ta fi masa dutsen niƙa nauyi. Likita ya goga masa na'ura a ƙirji, ya rubuta cewa ɗakin hagu na zuciyarsa yana tura sittin cikin ɗari na jinin da ke ciki. Sai aka kira na gaba.

Shekara talatin Nwachukwu ya yi yana kula da famfunan ruwa a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Duk famfon da aikinsa ya sauko sittin, da hannunsa yake shafa masa jan fenti, a jefar da shi bayan shago tsatsa ta ci. Ya san hukuncin, ba sai an karanta masa ba.

Ya fara sallama da duniya. Kekensa, wanda ko ɗansa bai taɓa ɗora ƙafa a kai ba, ya tura shi rumfar Dogara mai citta, abokin dararsa. Tsohon keke ne, tayar baya na sacewa duk kwana biyu, amma yana sheƙi kamar amarya. Dogara ya yi kuka da ido ɗaya, ɗayan yana kan ƙararrawa.

Ran Lahadi bayan sujada, matarsa Uloma ta ja shi gaban Tamar, nas ɗin da ke waƙa a zumuntar mata. Tamar ta karanta takardar sau biyu.

"Baba, wa ya ce za ka mutu?"

"Lissafi ya ce."

Ta danne dariya saboda furfurarsa. Ta ce ɗakin yakan cika da jini kamar rabin kofi, ya matse, ya tura fiye da rabi, ya riƙe saura. Haka na kowa yake, har na masu buga ƙwallo. Jinin da ya fita kuma zagaya jiki yake yi ya dawo. Sittin lafiya ce.

Nwachukwu ya tuna famfon da aka tsotse ƙaf, yadda yake jan iska yana tari har sai an ɗura masa ruwa. Ashe zuciyarsa ta fi shi wayo: ba ta taɓa bayar da duka ba.

Da la'asar ya taka har kasuwa. Ya tarar Dogara ya riga ya ɗaura wa keken sabon kwando. Da ya ji ba mutuwa zai yi ba, Dogara ya yi masa barka, ya rungume shi, ya ce Allah ya ƙara nisan kwana. Da aka zo maganar keke sai ya ce kyauta ba ta da ƙafar dawowa.

"Kyautar mai mutuwa ne, Dogara. Ni kuma ban mutu ba."

"Wannan ba laifina ba ne, Oga."

Amma da ya ji bayanin Tamar, sai tausayi ya kama shi. Ya zare famfon iska daga jikin keken, ya miƙa masa.

"Ni na ɗauki sittin, ga arba'in ɗinka."

Ya hau, ya kaɗa ƙararrawa, ya yi hanyar Zonkwa.

Nwachukwu ya dubi tayar baya har ta ɓace. Ya koma gida, ya fito da kujera ƙofar gida, ya ɗora famfon a cinya. Uloma ta tambaye shi me yake jira.

"Zai zagayo," ya ce.