Kashi Na Biyar Da Na Raina

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi na gwiwa, ni da abokina Lawwali ba mu da aiki a rumfar cajin wayata ta kasuwar Sabon Birni sai gardama kan wasan Japanawan nan na waya mai kashi goma sha ɗaya. Ni na shida nake so, na gama shi sau huɗu. Labarinsa ya taɓa sa ni hawaye, ba ni jin kunyar faɗi. Lawwali kuwa na uku yake yabo, wai faɗansa ya fi zafi. Kan na biyar kaɗai munka yarda, inda ake kama dabbobin daji a horar da su don yaƙi. Mun ce ɓata lokaci ne.

Rannan Inna Larai ta zo da wayar mijinta. Mijin nata, Baffa Sodangi, abokin mahaifina ne, Bafillace, farin nan ya kashe mai shanu kaf. Ɗan'uwansa na ƙauyen Turba ya aiko ya zo ya ɗauki karsana aro, yadda Fulani ke yi wa wanda garkensa ya ƙare: ka yi kiwonta, 'ya'yan naka, uwar ka mayar. Baffa ya ƙi. Wai hannunsa ya mutu, duk dabbar da ya taɓa sai ta faɗi. Ga shi ɗan'uwan zai kora garke kudu ƙarshen wata.

"Sa mai wani abu ciki, ɗana," in ji ta. "Kullum shina zaune shina kallon turke."

Na je da kaina, na sa mai na shida, na koya mai dannawa. Kwana biyu ya ce surutu ya yi yawa. Lawwali ya sa mai na uku, ya ce duka kashe-kashe ne. Don haushi na sa mai na biyar na yi tahiyata.

Bayan kwana goma na koma na duba wayar. Kai! Ko garin farko na cikin wasan bai bari ba.

"Haba Baffa! Duniya na can za ta halaka, kai aka ba takobi, kana nan bayan gari kana mi?"

"Kiwo," ya ce. "Ba ka ga ciyawa ba? Wa ke tashi ya bar ciyawa ɗanya?"

Na karɓa na duba da kyau. Dabbobi bakwai gare shi, kowace ta yi ɓul-ɓul, ko ɗaya bai taɓa kaiwa faɗa ba. Ashe waɗanda sunka ƙera wasan sun sa dabba ta riƙa kaɗa kunne in tana jin ƙishi, ta ja baya in ta gaji. Ni da nake taƙamar gwaninta ban taɓa lura ba. Shi da bai karanta ko kalma ɗaya ta Turancin ba, da kunnen nan ya gano wani rafi bayan dutse.

"Wanda ya yi wanga abu ya san dabba," ya ce. "Allah shi mai albarka, ko ina yake."

Wallahi kunya ta kama ni, kuma daɗi ya kama ni.

Ya nuna mini wata ja mai ƙaho ɗaya. "Wagga gurguwa na same ta, ba ta ko tsayuwa. Dube ta yanzu."

Ya ƙura mata ido. Sannan ya juya tafin hannunsa ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Yau nawa ga wata?"

Na ce ashirin da bakwai.

Ya miƙe har gwiwarsa ta yi ƙara, ya kira Inna Larai ta kawo mai igiya da sanda. Ya tura mini wayar.

"Riƙe mini su. Ka shayar da su, kuma kul ka kai su yaƙin nan naku. Za ni Turba."